Fuskar Malam Iliya

Ranar Litinin, da ƙarfe huɗu da rabi na asuba, na bar Damagaram a babbar motar Yamai, tare da ɗan ƙanena Alhaji Sanusi, wanda ke fataucin kayan gyaran mota tsakanin Faransa da ƙasar nan. Tun da na komo, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya nemi labari, kuma na lura labarin yana canja kama a bakin mutane, har an kai ga cewa wai an gan ni da hular Yahudawa ina bin sallarsu. Saboda haka na ga ya dace in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki, domin wanda zai maimaita ya maimaita daidai.

Abu biyu suka kai ni Faransa. Na farko idanuna. Yanar ido ta rufe su duka biyun shekara da shekaru, ciwon sukari kuma ya sa likitan Yamai ya ƙi taɓa su, ya haɗa ni da wani abokin karatunsa a Paris. Na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a zuciyata, shi ne in ga fuskar Malam Iliya.

Matasa ba su san shi ba. Bayahude ne haifaffen Aljeriya, sunansa na ainihi Élie, an turo shi daga Faransa ya koyar da lissafi a kwalejin garin nan lokacin da ni ma nake sabon malami. Ajinsa na jikin nawa, gidansa na kallon namu. Hausarsa a bakin mahauta ya koye ta, don haka ba kowace kalmarsa ake maimaitawa a gaban manya ba. A asibitin garin nan matarsa Madam Sara ta haifi ɗansu Dawuda, marigayiya matata ce ta riƙa goya shi. Yau kusan shekara hamsin ke nan da suka koma. Ba mu yanke zumunci ba, amma lokacin da wayar da ake ganin juna ta iso, idanuna sun riga sun dushe. Muryarsa nake ji, in ga wani abu fari yana motsi. Fuskarsa da nake riƙe da ita ita ce ta ranar da muka yi sallama a tasha, mutum ɗan shekara talatin da ƴan kai, mai baƙin gemu, yana dariya.

Hanyar Yamai ba ta da labari sai ramuka da waƙoƙin direba, waɗanda na sa Sanusi ya je ya ce a rage. Aka rage har muka wuce Maraɗi, sannan aka ƙara. Jirgin sama ya sauke mu Kasablanka, wani ya ɗauke mu. A filin jirgin Paris wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, matashi mai ladabi, ya buɗe akwatina ya ciro ƙunshin kilishin da na sa aka yi wa Malam Iliya musamman, ba yaji da yawa, yadda yake so. Ya ce nama ba ya shiga ƙasar. Na yi masa bayani a tsanake cewa wannan naman ya bushe har ya daina zama nama. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce rabonsa da jin Faransanci irin nawa tun rasuwar kakarsa, sannan ya jefa kilishin a wani babban bokiti.

"Baffa, ai na gaya muku tun a gida," in ji Sanusi.

"Ka gaya mini, amma ba ka kawo mini dalili ba."

Masaukinmu a Montreuil yake, gabas da birnin, ɗaki biyu a hawa na biyar, saman shagon wani Bakano abokin cinikin Sanusi. Ba na'urar hawa, sai matakala. Abinci daga gidan ma'aikata ƴan Mali ake kawo shi, shinkafa da miyar gyaɗa rana da dare, mai yana iyo a kai. Maƙwabta kuwa, mutum zai goge ka a kan matakala bai ce maka uffan ba. A cikin metiro, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, na gaida wata dattijiya da ke kusa da ni, na tambaye ta iyali, sai ta rungume jakarta ta canja kujera.

Ido ɗaya ake fara yi, a jira mako biyu, a yi ɗayan. Da aka cire mini bandejin na dama, abin da na fara gani a duniya shi ne wuyan rigata da wani tsohon tabon shayi a kansa. Ban san tsawon lokacin da na yi ina yawo da shi ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini.

Da yamma na kira Malam Iliya. Yana zaune a Villeurbanne, garin da ke manne da Lyon, inda ƴata Halima ke aikin bincike a jami'a; ita ke leƙa su lokaci-lokaci.

"Direkta, an buɗe maka?" Tun ban zama shugaban makaranta ba haka yake kirana.

"An buɗe na dama."

"To me kake jira? Awa biyu ne a jirgin ƙasa. Ido ɗaya ya isa kallon tsoho, ba wani abin kallo ne ya rage ba."

"Ba zan zo maka da rabin aiki ba. Na hagu fari fat yake kamar na busasshen kifi. Shekara hamsin ba ka gan ni ido da ido ba, ba da wannan fuskar za ka gan ni ba."

"Har yanzu kana nan da halinka, ɗan banza," in ji shi, yana tari yana dariya. "To yaushe?"

Na ce Lahadin da ke bayan aiki na biyu. Ya ce ya ji. Halima ta nemi ta turo mini hotonsa kafin nan, na hana ta. Na ce ba zan ɓata sabon ido a kan hoto ba alhali mai hoton yana kusa.

An yi aiki na biyu ranar Talata, ya yi kyau. Ranar Alhamis da hantsi Halima ta kira, ta taƙaita gaisuwa, abin da ba ta saba yi mini ba.

"Baba, kuna zaune?"

"Ina zaune. Faɗi."

"Malam Iliya ya rasu da asubar nan. Zuciya ce."

Na yi salati, na ajiye wayar a kan gwiwata.

Dole in yi bayani a nan, domin a gane abin da na aikata bayan haka. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, amma makarantar mishan na yi, a hannun limaman Katolika da muke kira su Mompera. Su suka koya mini rubutu da riƙon cokali da yadda ake shiga gaban manya, kuma ban taɓa kama su da kuskure a ladabi ba. Ina aji huɗu wani tsohon Mompera ya mutu. Aka sa masa tufafinsa mafi kyau, aka taje masa gemu, aka kwantar da shi a majami'a fuska a buɗe, furanni kewaye da shi, mu ƴan makaranta muka bi layi kai ba hula muna wucewa muna dubansa. Aka gaya mana zafin garinmu ne ya sa aka gaggauta. A Faransa gawa takan yi kwana huɗu ko biyar, domin na nesa su zo su yi ban kwana. Iyakar abin da na sani ke nan game da mutuwar Turawa, kuma a wurina Malam Iliya Bature ne. Kasancewarsa Bayahude ban taɓa ba ta nauyi ba, domin a zamanmu ban ga bambancin ya wuce ƙin naman alade ba, wanda mu ma ba mu ci.

Saboda haka na lallashi kaina da cewa, tun da Allah bai nufa in gan shi a tsaye ba, zan gan shi a kwance. Na kai baƙar kwat ɗina guga, na ja Sanusi shagon furanni, na ba da aikin kambin fure da za a gama ranar Asabar. Muna cikin shagon Halima ta sake kira.

"Baba, gobe da safe ne."

"Mene ne gobe da safe?"

"Jana'izar."

"Wane irin Bature ne ake binnewa washegari?"

"Ba su ajiye gawa, Baba. Da ba don dokar ƙasar ta ce sai an kwana ba, da yau ma za su rufe shi. Kuma gobe da faɗuwar rana Asabar ɗinsu ke shiga, ba su haƙa kabari a cikinta. Ku taho yau. Sannan maganar furannin nan da Yaya Sanusi ya gaya mini..."

"Ba ke za ki koya mini ladabin Turawa ba," na ce, na kashe wayar.

Mai shagon ta ce akwai kambi ɗaya da aka riga aka fara, in na yarda za ta ƙarasa shi kafin ta rufe shago. Na yarda. Jiransa ya sa ba mu tafi a ranar ba, sai jirgin farko na safiyar Juma'a. Da aka fito da kambin, Sanusi ya kewaya shi ya ce girman tayar tirela ne, har ya faɗi lambar tayar. A jirgi ya ƙi shiga wurin kaya, muka jingina shi a gwiwoyinmu har Lyon, fasinjoji suna wucewa suna sunkuyar mana da kai. Sanusi na cikin babbar riga da hula, ya ƙi jin shawarata ya sa baƙaƙe. Ni kuwa kwat da ɗamarar wuya, hulata na baro ta a Montreuil da gangan.

Halima ta ɗauke mu a tasha, ta dubi kambin, ta dube ni. Ta kai mu wani ƙaramin gini inda ake shirya gawa. Maza ne tsaye a ƙofa, galibi tsofaffi, suna Faransanci gauraye da Larabcin Magrib, kowa da hula ko malafa a ka. Da suka hango mu da kambin sai magana ta ɗauke. Wani tsoho ya matso, ya yi wa Sanusi sallama da Larabci, ya kira shi Alhaji, sannan ya ciro wata ƴar hula kamar faifan yara daga aljihu ya miƙo mini.

"Ranka ya daɗe, a rufe kai."

"A gaban mamaci?"

"A gaban Wanda ya karɓe shi."

Na sa. Sanusi ya sunkuyar da kai yana gyara wuyan rigarsa. Na san dariya yake ɓoyewa, kuma na ajiye masa ita.

Sai ga wani mutum mai sanƙo, ɗan shekara hamsin da wani abu, ya fito ya kama hannuna da nasa biyu ya ce, "Ina kwana, Baba Habu." Dawuda ne. Iyakar Hausar da ta rage masa ke nan, sauran zancenmu da Faransanci muka yi. Ya gode mini da furannin, sannan ya ce ba za su iya shiga ba.

"Ba mu kai wa mamaci fure. In mai hali ya sami kambi goma, talaka ya sami ɗaya ko bai samu ba, an kunyata talakan a ranar da ba ya iya kare kansa. Mafi yawan abin da za ku gani yau, dalilinsa ke nan."

"A bar furannin," na ce. "Abu ɗaya ya kawo ni. Ka kai ni in ga fuskar mahaifinka."

Ya saki hannuna a hankali.

"Baba Habu, ba a buɗe fuskar. Tun da numfashinsa ya tsaya na rufe masa idanu na ja mayafi a kansa, ni kaina ban sake ganinta ba. Mahaifiyata ma haka."

"A garinmu ma ba mu baje mamaci a kasuwa, amma na kusa yakan duba kafin a ɗaure likkafani. Ni ba na kusa ba ne?"

"Ba wanda ya fi ku kusa."

"To an yanka mini ido biyu saboda wannan. Minti ɗaya nake roƙo."

Ban taɓa roƙon wanda na girma ba sai ranar. Dawuda ya je wurin limaminsu, wani matashi mai baƙar malafa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Limamin ya girgiza kai. Dawuda ya dawo ya kama hannuna ya shigar da ni.

Abin da na tarar a ɗakin ya fi kome girgiza ni a tafiyar nan, domin abin da na sani ne tun ina yaro. Ba kwat, ba kwalliya, ba turaren Turawa. Mutum ne a naɗe cikin farin yadi daga kai har ƙafa, likkafani sak irin namu, a cikin akwatin katako tsirara wanda ko fenti ba a shafa masa ba, murfin a jingine da bango. Kyandir ɗaya na ci a wajen kai. Wani dattijo na zaune yana karanta Zabura a hankali. Da muka shiga ya rufe littafin ya fita. Dawuda ya ce tun da aka yi rasuwar ba a bar gawar ita kaɗai ba, ana canjin masu zama dare da rana, domin wanda ya rayu cikin mutane bai kamata a yar da shi kamar kaya ba. Akwatin ma dokar Faransa ce ta tilasta; kakanninsa a Aljeriya jikinsu ke taɓa ƙasa kai tsaye. Likkafanin ba shi da aljihu, kuma iri ɗaya ake yi wa attajiri da mabaraci. Masu wanka ƙungiya ce ta sa kai, maza su wanke maza, mata su wanke mata, suna kiran aikin alherin gaskiya, domin shi kaɗai ne alherin da wanda aka yi wa ba zai taɓa ramawa ba.

"Mahaifina yana cikinsu tun da ya bar koyarwa," in ji Dawuda. "Abokansa ne suka wanke shi da safen nan."

Wannan ma ban sani ba. Duk hirarmu ta waya bai taɓa ambata mini ba.

"Baba Habu, limaminmu bai yarda ba, ni ma ba zan ɗaga zanen nan da hannuna ba. Amma ba zan riƙe hannun mutumin da matarsa ta goya ni ba. Zan juya baya. Dalilin kaɗai zan faɗa muku, yadda shi ya faɗa mini. Yakan ce mai rai in ka dube shi yana iya dubanka, yana iya gyara rigarsa, yana iya kau da kai, ko ya ce ka dawo gobe. Mamaci ana ganinsa, shi ba ya gani. Wanda ya dube shi ya ɗauki abin da mai shi ba ya da ikon hanawa. Shi ya sa ko a wurin wanka gaɓar da za su wanke kaɗai suke buɗewa, in sun gama kuma su nemi gafararsa."

Ya juya ya fuskanci bango.

Na matsa. Yadin ba shi da kauri. Da sabon idona ina ganin tudun hanci da kwarin idanu a ƙarƙashinsa. Na miƙa hannu har yatsuna suka taɓa gefensa. Ɗagawa ɗaya ce, ba mai gani, ba kuma mai tambayata. A nan na tuna abin da na faɗa masa a waya, cewa ba da wannan fuskar zai gan ni ba. Ya yi dariya, ya zage ni, ya ba ni mako biyu in gyara fuskata. Ni kuwa ga ni tsaye zan buɗe tasa a ranar da ba ya iya neman ko minti guda. Na lura gefen yadin ya ɗan karkace wajen kafaɗa; na daidaita shi, na janye hannuna.

"Dawuda, juyo. A rufe."

Ya juyo ya dubi yadin, ya dube ni. Ya fita ya kira masu wankan, aka ɗora murfin.

A maƙabarta mamakina bai ƙare ba. Masu ɗauke da akwatin sukan yi ƴan taku su tsaya, su sake tafiya su tsaya. Na ɗauka nauyi ne, har na ce wa Sanusi ya je ya kama musu. Tsohon nan da ya ba ni hula, wanda ya liƙe mana tun daga nan, ya riƙe shi ya ce ba gajiya ba ce. Suna nuna cewa ba su ɗokin rabuwa da shi. Sai limamin ya ciro reza ya ɗan tsaga wuyan rigar Dawuda ta wajen hagu, Dawuda ya kama ya keta ta har kan zuciya. Ƙarar ketawar ta sa na ja da baya. Riga ce sabuwa, kuma a wurinmu an hana yaga tufa saboda mutuwa. Tsohon ya ce su an wajabta musu, amma an yi masa iyaka: wuri ɗaya, gwargwadon tafin hannu, domin baƙin ciki ya sami ƙofar fita kada ya fasa mai shi. Ɗa ta hagu yake ketawa saboda iyaye, sauran dangi ta dama.

Ba su bar wa ma'aikata rufe kabarin ba, su da kansu suka yi, kamar mu. Amma kowa da bayan shebur yake fara ɗiba, ƙasar na zubewa, wai domin a san aikin ba da son rai ake yinsa ba. Dawuda ya yafito ni. Na ɗiba kamar yadda na ga ana yi, na zuba, na ji ƙarar ƙasar a kan katako. Da na gama sai na juya na miƙa wa na bayana shebur ɗin da hannu biyu, yadda mai tarbiyya ke miƙa abu. Mutumin ya mai da hannuwansa baya. Na sake miƙawa, ya sake ja. Tsohon ya raɗa mini cewa in soka shi a tulin ƙasar, kowa da kansa yake cirewa. Ba a miƙa wa ɗan'uwa baƙin ciki hannu da hannu. Sau uku ke nan a safiya ɗaya ladabin da na koyar shekara arba'in ya kunyata ni.

Daga nan Dawuda ya tsaya ya karanta wata addu'a, maza na amsa masa. Ba ta yiwuwa sai an cika maza goma, domin kada mai makoki ya tsaya shi kaɗai. Na tambayi ma'anarta, aka ce ba sunan mamaci a cikinta, ba ma ambaton mutuwa, girmama sunan Allah ne daga farko har ƙarshe. Ga masu cewa na bi sallarsu: a gefe na tsaya, hannuwana a bayana, abin da ke zuciyata kuma tsakanina da Ubangijina ne.

A kan kaburburan da muka ratsa ba fure ko ɗaya, sai ƙananan duwatsu. Duk wanda ya ziyarta yakan ajiye guda, fure yana bushewa, dutse yana nan. A bakin ƙofa kowa ya wanke hannu ya bar shi ya bushe da kansa. Kambina kuwa, Sanusi ya gaji da ɗawainiyarsa, ya shiga maƙabartar Kirista da ke bayan katanga ya jingina shi a wani kabari da ya ga ba kome a kansa.

"Wa ka ba?" na tambaye shi.

"Wani bawan Allah ne, Baffa. Da alama danginsa sun daɗe ba su zo ba."

Muka sami sallar Juma'a a wani masallaci a Minguettes, unguwar dogayen benaye, sannan wajen la'asar Halima ta kai ni gidan makoki. A kan matakala ta tsayar da ni, wannan karon na saurara.

"Baba, ƙofa a buɗe take, ba a ƙwanƙwasawa. Kada ku yi sallama, kada ku gaisa. Ku zauna ku yi shiru har sai su sun fara magana."

"In shiga gidan mutane ba gaisuwa?"

"Wanda aka yi wa rasuwa ba a ɗora masa nauyin amsa gaisuwa. In yana son magana zai yi."

Mu da ke jera wa mai makoki ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya muka ji da wannan rashi, har muryarsa ta dushe da amsawa, wannan ya zo mini da nauyi ƙwarai. Na shiga. An lulluɓe madubai da zannuwa, domin ba lokacin duba kai ba ne. Dawuda na zaune a wata ƴar kujera kusa da ƙasa, ba takalmi, da rigarsa a kece. Haka za su zauna kwana bakwai, ba aski, ba fita aiki, in ban da Asabar da ba a nuna makoki a cikinta. A tire akwai sauran dafaffen ƙwai da wani ƙaramin wake da maƙwabta suka kawo, domin abincin farko bayan binnewa ba daga tukunyar gidan yake fitowa ba. Mutane suka ce Dawuda ya ɗebo kamannin ubansa. Na dube shi da kyau, ban gani ba. Uwarsa ya biyo.

Madam Sara na gefensa, ta zama ƴar ƙaramar tsohuwa. Na zauna a gabanta, gaisuwa cike da bakina, na danne ta. Ban taɓa yin aikin da ya fi wannan shirun wuya ba. Can sai ta ɗago, ta yi magana da Hausar Damagaram ta shekara hamsin da suka wuce.

"Malam Habu, ka tsufa."

"Na tsufa, Madam."

"Dawuda ya ce ka shiga wurinsa. Ka duba?"

"Ban duba ba."

Ta gyaɗa kai. "Ka san abin da ya yi da kuka gama waya ran nan? Ya ce ka cece shi. Ya ce in kai kwat ɗinsa wanki, in kira mai aski ya zo ran Lahadi da sassafe, in ɓoye sandarsa a bayan ƙofa. Na ce masa, mutumin nan abokinka ne, ba surukinka ba. Ya ce ke ba ki san Direkta ba, in ya gan ni a haka sai ya aika ni gida in sake shiri." Ta ɗan yi dariya, ta share ido da bayan hannu. "Ku biyun nan. Kowa na jiran ya gyara."

Na zauna har aka fara shirin shigar Asabar, na tashi na fita ba sallama, yadda ake yi.

An binne Malam Iliya ranar Juma'a kafin azahar. Na komo Damagaram da idanu biyu masu gani. Ban ga fuskarsa ba.